Gajerun Haruffan Latin da Gardamar Masu Jiran Makaɗa a Agege

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu na wannan kwaleji, ina so in yi ɗan bayani game da waɗansu ƙananan haruffa waɗanda mu ke gamuwa da su kullum cikin littattafan Turanci, da takardun jarrabawa, da sanarwar da a ke mannawa jikin bango. Ina nufin irin su e.g., da i.e., da etc., da a.m., da p.m., da N.B. Kowa ka tambaya sai ya ce ya san su. Amma in ka tsare shi ka ce ya gaya maka bambancin biyun farko, sai ka ga ya shiga sosa ƙeya. Mu kuwa gobe za a danƙa mana aji, abin da muka faɗa wa yara shi za su riƙe har girmansu. In mun ba su a karkace, a karkace za su miƙa wa na bayansu.

Na ɗauko misalaina daga Agege, sabo da ban taɓa zama wurin da a ke gardamar waɗannan haruffa da zafi kamar can ba, masu gardamar kuwa yawancinsu masu son kiɗa ne. Ga wanda bai sani ba, Agege tana arewacin birnin Ikko, a bakin hanyar jirgin ƙasa. An soma shimfiɗa wannan hanya daga Ikko cikin 1896, aka buɗe ta zuwa Ibadan cikin 1901, ta isa Kano cikin 1911. Da jirgi ya samu, sai fatake suka riƙa gangarowa da shanu suna komawa da goro, har Hausawa suka kafa zango babba a Agege, da Sarkin Hausawansu, da masallatansu, da makarantun allo. Babbar mayankar Ikko ma tana Oko-Oba, nan yankin Agege.

To, mutumin da ke zaman baƙunci ba abin da ya ke ƙishirwa kamar kiɗan gida. A zamanin su Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu cikin 1999, da Ɗan Maraya Jos mai kuntigi, wanda ya rasu cikin 2015, faifan garmaho da kaset da rediyo su ne ke ɗebe wa mutanen zango kewa. In aka ji ƙishin-ƙishin wani babban makaɗi zai sauko Kudu, sai maganar ta cika rumfunan goro, kowa yana jiran tabbacin rana da wuri. Makaɗan Ikko kuwa, irin su Bobby Benson da Victor Olaiya masu kiɗan da a ke kira hailaif, da Turanci a ke shelar wasanninsu. Masu shirya wasan Hausa su ma suka ɗauki wannan hanya ta rubuta sanarwa, ko da Hausa za su rubuta sai sun yayyafa mata haruffan Turawa don ta yi kwarjini. Yau sanarwar ta fi zuwa ta wayar hannu, amma haruffan suna nan, gardamar ma tana nan.

Ga irin wadda na ga an karanta wata safiya a teburin mai shayi: "Gagarumin wasa ran Asabar, 12 a.m. Makaɗa daga Arewa, i.e. masu kalangu da masu kukuma, e.t.c. N.B. Ba shiga sai da tikiti." Akwai wani dattijo mai sayar da goro, shi kiɗan gurmi ya ke so. Ya dubi saurayin da ya karanta, ya ce, "Kai yaro, mai gurmi zai zo, ko kuwa in riƙe kuɗina?" Saurayi ya ce, "Baba, ka sayi tikitinka. Ai i.e. ɗin nan misali ke nan, akwai sauran makaɗa da ba a ambata ba." Wani direba ya ajiye kofinsa ya ce, "A'a Alhaji, kada ka biye masa. In aka ce i.e., waɗanda aka faɗa su ke nan, ba ƙari." Mai shayi ya ce, "To Malam, in ba ƙari, me ya kawo e.t.c. a ƙarshe?" Kafin a gama wannan sai aka faɗa gardamar lokaci, wani ya ce sha biyun rana ne, wani ya ce sha biyun dare ne. Aka tashi ba a daidaita ba.

Direba shi ya faɗi ma'anar i.e. daidai, tambayar mai shayi kuma tana kan hanya, domin sanarwar ce ke ƙaryata kanta. Amma kafin in warware wannan, ya kamata mu san inda haruffan suka fito.

Dukansu daga harshen Latin su ke, watau harshen Rumawan dā na ƙasar Italiya. Bayan mulkin Rum ya faɗi, Latinanci ya zauna shi ne harshen ilmi da addini da shari'a a ƙasashen Turai, kamar yadda Larabci ya ke ga malamanmu. Har cikin 1687 da Latinanci Isaac Newton ya wallafa babban littafinsa na lissafi. Yau ma sunayen itatuwa da dabbobi na masana da shi a ke sa su, goron da a ke lodi a Agege sunansa a wurinsu Cola nitida. Kafin a sami injin ɗab'i a Turai wajen 1450, da hannu a ke kwafar littafi, a bisa fatar tumaki ko ta maraƙi, fata kuwa tana da tsada. Don haka marubuta suka riƙa gajarta kalmomin da ke yawan maimaituwa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Wanda ya yi karatun zaure ya san yadda malamai ke gajarta "ila akhirihi" su rubuta haruffa uku kaɗai, mu ma a boko mu kan rubuta S.A.W. bayan sunan Annabi. Da Turawan Ingila suka koma rubutu da harshensu, sai suka riƙe gajerun haruffan, suka bar mu da haruffan da ba su dace da kalmomin Turanci ba. Wannan shi ne tushen ruɗun. Yaro ya ga e.g., ya nemi kalmomin Turanci biyu masu farawa da e da g, ya rasa, sai ya yi ta cinta.

Bari in fara da waɗanda suka fi rikitarwa. Asalin e.g. shi ne exempli gratia, ma'anarsa "alal misali". In ka sa shi, ka ɗebo kaɗan ne daga cikin abu mai yawa, ka bar saura. Asalin i.e. kuwa id est, ma'anarsa "watau". In ka sa shi, kana sake faɗin abin da ka riga ka faɗa ne da waɗansu kalmomi, ko kana ƙayyade shi ƙwarai, ba abin da ya rage a waje. Dubi waɗannan biyu. "Kayan kiɗa na tsirkiya, e.g. goge da kukuma." Wannan daidai ne, gama akwai garaya da molo da gurmi da kuntigi waɗanda ba a ambata ba. "Kayan kiɗan Ɗan Maraya, i.e. kuntigi." Wannan ma daidai ne, gama da shi aka san shi. In ka musanya su, maganar ta lalace. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce ka cire haruffan ka sa kalmar Hausa a gurbinsu. In "misali" ta zauna daram, e.g. a ke so. In "watau" ce ta zauna, i.e. a ke so.

Kada wani ya ga kamar wannan ƙaramin abu ne. A ce takardar jarrabawa ta ce ka yi bayanin amfanin gona na Arewa, e.g. gyaɗa da auduga. An ba ka dama ka kawo gero da dawa da wake. In kuwa ta ce i.e. gyaɗa da auduga, duk shafin da ka cika da zancen gero ka yi aikin banza, ba maki ko ɗaya. Hakanan a takardar yarjejeniya ko ta haya, harafi ɗaya na iya buɗe ƙofa ko ya rufe ta.

Na uku shi ne etc. Asalinsa et cetera, kalmomi biyu ne: et ma'anarta "da", cetera ma'anarta "sauran abubuwa". Ga shi Hausa tana da nata daidai wa daida, "da sauransu", wanda mu kan gajarta d.s. Akwai kurakurai huɗu da a ke yi da shi. Na ɗaya, rubuta e.t.c. da ɗigo uku, kamar kalmomi uku ne, alhali ɗigo ɗaya ne a ƙarshe. Na biyu, juya haruffan a rubuta ect. Na uku, sa "da" ko and a gabansa, alhali "da" tana cikinsa, ya zama kamar ka ce "da da sauransu". Na huɗu, haɗa shi da e.g. ko i.e. a jimla ɗaya. In ka ce e.g. ka riga ka nuna akwai saura, etc. ya zama maimaici. In ka ce i.e. ka riga ka rufe ƙofa, etc. ya zo yana buɗe ta. Abin da ya sami sanarwar can ke nan, shi ya sa dattijo bai sami amsa ba. Har wa yau, masu kula da ladabin rubutu ba su son a sa etc. bayan sunayen mutane, domin kalmar ta kaya ce. In mutane ne, kamar marubuta da yawa na littafi ɗaya, sai a sa et al., watau et alii, "da waɗansu". Alamar nan ta & da mu ke gani a allunan kantuna ita ma et ce, aka haɗe e da t suka zama zane ɗaya.

Yanzu sai zancen lokaci. Meridies da Latinanci shi ne tsakar rana. Don haka a.m., ante meridiem, yana nufin kafin tsakar rana, p.m. kuwa, post meridiem, bayan tsakar rana. Ƙarfe 5 a.m. asuba ce, ƙarfe 4 p.m. la'asar ce. Wannan ba wuya. Wuyar tana wajen ƙarfe 12, gama tsakar rana kanta ba ta kafin kanta, ba ta bayan kanta. Abin da agogon waya da na kwamfuta suka bi shi ne 12 p.m. sha biyun rana, 12 a.m. sha biyun dare. Amma mutane da yawa su kan ɗauka a juye, suna ganin tun da 11 a.m. hantsi ne, mai bin sa shi ne 12 a.m.

Akwai kuma wani tarko a ciki. A lissafin agogo, rana sabuwa tana farawa ne da sha biyun dare. Sabo da haka "Asabar 12 a.m." shi ne tsakar daren da ke tsakanin Jumma'a da Asabar, watau Jumma'a da dare in an wayi gari Asabar. A lissafin malamai, inda dare ke gabatar yini, wannan shi ne daren Asabar sosai. Amma mai shirya wasa, watakila Asabar da dare ya ke nufi, in an wayi gari Lahadi. Ka ga sanarwa ɗaya ta haifi lokaci uku, tsakanin na farko da na ƙarshe sa'a 24 cur. Wanda ya yi kuskuren wasa ya yi hasarar kuɗin tikiti ne kaɗai, amma wanda ya yi wannan kuskure da jirgin sama ko ranar ganin likita ya san ya gamu da wahala. Shi ya sa kamfanonin jiragen sama da soja suka fi son lissafin sa'a 24, inda ƙarfe 1 na rana ya ke 13:00, sha biyun rana 12:00, sha biyun dare 00:00. A nan Hausa ta fi Latinanci wadata. Muna da asuba, da safe, da hantsi, da rana tsaka, da azahar, da la'asar, da magariba, da lisha, da tsakar dare. Wanda ya rubuta "Asabar bayan sallar lisha" ba wanda zai ɓata masa.

N.B. asalinsa nota bene, ma'anarsa "lura da kyau". A kan sa shi gaban maganar da ba a so mai karatu ya tsallake, ko a ina ta faɗo cikin takarda. P.S. kuwa post scriptum ne, "bayan rubutu", watau abin da ka tuna bayan ka riga ka sa hannu a wasiƙa. Bambancinsu ke nan: N.B. yana nuna muhimmanci, P.S. yana nuna wuri, ƙarƙashin sa hannu. Malamin da ya rubuta P.S. a tsakiyar allo yana nufin yara su kula, ya yi amfani da kayan da ba na aikin ba.

Masu son kiɗa da wasanni suna gamuwa da waɗansu kuma. In ka ga Kano Pillars vs. Enyimba, vs. ɗin versus ne, watau suna karawa. No. da a ke sa wa gaban lamba daga numero ya ke, shi ya sa o ta shigo, ko da ya ke babu ita a kalmar Turanci ta lamba. Amma ft. da a ke gani tsakanin sunayen mawaƙa biyu a sabbin waƙoƙi Turanci ne tsantsa, yana nuna mawaƙi ya gayyato wani cikin waƙarsa. R.S.V.P. na katin biki kuwa Faransanci ne, ana roƙonka ka ba da amsa ko za ka zo. Ba duk gajeren harafi ne Latin ba.

A darasin tarihi za ku haɗu da A.D., anno Domini, wanda a wurin Kirista ya ke nufin "cikin shekarar Ubangiji", ana ƙirga shi daga haihuwar Annabi Isa. Wani malamin Kirista mai suna Dionysius ya tsara wannan lissafi cikin shekara ta 525. Yara da yawa su kan zaci kalmomin Turanci ne masu nufin "bayan mutuwa", wannan kuwa ba shi da tushe. B.C. shi ne na Turanci. Abin da zai ba waɗansu mamaki, A.H. da mu ke sa wa shekarar Musulunci shi ma Latin ne, anno Hegirae, "cikin shekarar Hijira", wadda a ke ƙirgawa daga 622. Shehu Usmanu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu cikin 1804, watau 1218 A.H. In kuma kun ga c. gaban shekara, circa ne, ma'anarsa "wajen", an yi kirdado ne ba a tabbatar ba.

Dattawa za su tuna da kuɗin dā, fam da sule da kwabo, waɗanda a ke rubutawa £ s. d. Kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. A kan rubuta taro 3d., sisi 6d. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin 1939, 1d. a ke sayar da ita. To, ina d ta fito? Daga denarius, kuɗin azurfa na Rumawa. Wannan kalma ita ce Larabawa suka ara suka ce dinar. Alamar £ kuwa L ce ta libra, ma'aunin nauyi na Rumawa, daga nan kuma lb. na awo ya fito. An bar wannan lissafi a Nijeriya ran 1 ga Janairu 1973, sa'ad da naira da kobo suka shigo, aka canza fam ɗaya naira biyu.

Inda abin ya fi nauyi shi ne takardar magani. Likitoci har yanzu su kan rubuta b.d., watau bis die, sau biyu a yini, t.d.s., sau uku a yini; q.d.s., sau huɗu. Nocte kuwa da dare. A ƙauye, malamin makaranta shi ne wanda a ke kawo wa takarda ya karanta. In aka kawo muku irin wannan, ku faɗi abin da kuka tabbatar, abin da ya shige muku duhu ku mai da mutum wurin likita ko mai ba da magani ya fayyace masa da baki. Matambayi ba ya ɓata, ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne.

Turawan kansu sun fara gajiya da waɗannan haruffa. Cikin 2016 masu kula da rubutun gwamnatin Birtaniya na intanet suka ba da shawara a daina sa e.g. da i.e. da etc. a sanarwar da a ke yi wa jama'a, a rubuta cikakkun kalmomi. Dalilinsu shi ne mutane da yawa ba su gane su, na'urar da ke karanta wa makafi rubutu kuma ta kan furta su ba daidai ba. In masu abu sun ga haka, mu da muka ara ba mu da dalilin maƙale musu.

Shawarata ga 'yan'uwana masu shirin fita koyarwa ita ce wannan. In da Hausa ku ke rubutu, ku sa "misali", da "watau", da "da sauransu", da "a lura", ku faɗi lokaci da safe ko rana ko dare. In Turanci ku ke koyarwa, dole yara su san haruffan, gama za su same su a littafi da jarrabawa. Ku rubuta kowane ɗaya a allo da asalinsa da kalmar Hausa da ta yi daidai da shi, kada ku ba su fiye da biyu ko uku a darasi ɗaya. Sa'an nan ku sa su su kwaso sanarwar da suka gani a kasuwa, ko tasha, ko katin biki, a karanta a aji, su da kansu su nemo inda aka yi daidai da inda aka kauce, su sake rubuta ta da Hausa tsantsa. Yaron da ya gyara sanarwa ɗaya da hannunsa ya fi wanda ya haddace jeri goma riƙewa.

Wanda ya san waɗansu haruffa da ban kawo ba, ko ya ga irin waɗannan a wata takarda suka ɗaure masa kai, ya aiko wa editan wannan mujalla, mu duba su tare a fitowa ta gaba. Allah ya ƙara mana sani mai amfani, amin.